Yadda Na Mutu Don Kaset Ya Yi Kasuwa

A shekarun da ake yayin kaset ɗin bidiyo, ni tela ne a cikin Birnin Damagaram, karatuna bai wuce ajin farko na lakwal, wato makarantar boko, ba. Wasu samari masu shirya fim suka ɗauke ni, wai ina da fuskar ban tausayi, kuma a kowane fim ni ke mutuwa. Fina-finan ba sa tafiya, sai ranar da wani ya ga hoton talla ina kwance cikin likkafani, ya baza cewa na rasu da gaske. Nan da nan kaset ya ƙare a shaguna, kowa na saye ya adana, wai fim ɗin ƙarshe na marigayi. Mai fim ɗin ya same ni yana dariya, ya ce tunda nake ban taɓa wasa mai kyau kamar wannan mutuwar ba, in daure in ɓuya wurin kawunsa a Dogo har a buga wasu. Na yarda, don na ji daɗin yabo daga bakin mutanen da a da ko sallamata ba sa amsawa.

Wadda ban tuna da ita ba ita ce yayata da ke Zermu, wadda ta goye ni bayan rasuwar innarmu. Labari ya je mata ta bakin 'yan cin kasuwa. Ta zauna karɓar gaisuwa, ta yi sadaka da geron da ta tanada don damina, tana kukan an binne ni ba ta gan ni ba. Da na bayyana, masu kaset suka yi ta zagina, wani ma ya ce na lalata masa kaya. Ita kuwa da na je wurinta, ba ta yi faɗa ba. Ta shafa fuskata da hannu biyu, ta kira ni autan inna, ta ce na rame, ta dama mini fura. Sai da na shanye ta roƙe ni, in zan sake mutuwa irin ta fim, in aiko mata tukuna, don zuciyarta ta tsufa.

Ta riga ni tafiya, Allah ya jiƙanta. Yau samari na bi gida-gida suna neman tsohon kaset ɗin nan, ni ko kallonsa ba na iyawa. Na gane mai sayen hotonka ya fi son ka a mace. Ku yaran da kuka shiga wannan harka, kafin ku amsa wa mai fim, ku tuna da wadda za ta yi kukan gaske.