Darbejiyar da ke Kan Kabarin Ishatu

Malam Kailani ya tsufa da diga da shebur a hannu. Tun yana saurayi yake haƙar kabari a maƙabartar da ke bayan unguwarsu a Tudun Wada, ranar da ba a yi rasuwa ba kuma ya kasa rake a ƙofar masallaci. Gajeren mutum ne mai zuciya a kusa, ko ƙuda ya sauka masa sai ya ji ba daɗi. Matarsa Ishatu kaɗai ta san yadda ake tausarsa, ita kuma ta riga shi tafiya. Da hannunsa ya haƙa mata kabari can gefen gangare, inda ake kai waɗanda ba su da wani babba a dangi.

To ruwan yanzu ba irin na da ba ne. Sai a yi kwana da kwanaki ko yayyafi babu, rana ɗaya ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A haka kwazazzabo ya buɗe a ƙasan maƙabarta, kowace damina ya ci gaba da cin ƙasa. Shekarar da aka wayi gari aka ga likkafani a cikin laka, hankalin unguwa ya tashi.

A faɗi gaskiya, masallaci ya yi rawar gani. Liman, Malam Sharfaddeen, ya yi huɗuba mai ratsa jiki, ya ce ƙasa amana ce, dasa bishiya kuma sadaka ce mai gudana. Aka yi gayya, aka jera dashen darbejiya a bakin gangaren. Da rani ya yi, matan Islamiyya, Malama Zinatu a gaba, su suka riƙa ɗauko ruwa a ka suna ba su. Bishiyoyi suka kama, suka yi kaurin dantse, saiwarsu ta riƙe ƙasa. Kailani har murmushi aka gan shi yana yi, abin da wasu suka rantse ba su taɓa gani ba.

Sai dai an manta da abu guda. Ba a tura wa mamaci ƙasa kai tsaye. Idan an kwantar da shi a ramin ciki, sai a jera itace a bisansa, a yaɓe da laka, sannan a rufe. Mai hali yakan zo da itacensa ko tukwane daga kasuwa. Talaka fa? Gawa na kwance a makara, rana na duka, sai idon kowa ya koma kan darbejiya mafi kusa. Wa zai buɗe baki ya hana? Hannuwan da suka dasa su ne suka riƙa sare su, da bisimilla, kowa na ganin lada yake kwasa. Abin takaici ke nan: ana rufe mamaci ɗaya, ana tone goma.

Kailani ya je gaban kwamitin masallaci, ya roƙi a tanadi itace ko tukwane a ajiye domin marasa ƙarfi. Shugaban kwamiti, Alhaji Yero, ya saurare shi da kyau, ya sa masa albarka, ya ce za a duba da zarar an gama shimfiɗa tayil a harabar masallaci. Aka gama tayil, aka shiga fentin hasumiya. Iyayen Alhaji Yero dai suna binne can kan tudu, ruwa bai san hanyarsu ba.

A haka bishiyoyin suka ƙare, saura ɗaya, wadda ke tsaye a kan kabarin Ishatu. Tsakaninta da bakin kwazazzabo bai fi tsawon tabarma ba. Kowa ya san ranar da ta faɗi, Ishatu ta bi ruwa.

Wata rana da hantsi cikin damina aka kawo Lawal mai wankin hula, wanda bai bar komai ba sai bokiti da buroshi. Kailani na cikin rami yana gyara kusurwa ya ji saran gatari. Ya ɗago kai ya ga Suhaibu, ƙanen mamacin, ya ɗaga hannu zai ƙara na biyu. Yadda tsohon nan ya fito daga kabarin har yau ana labari. Ya cafke ƙotar gatarin ya ƙi saki.

Liman ya matso, ya ce cikin sanyin murya, “Malam Kailani, ka ji tsoron Allah. Gawa na jira.”

“Allah ya gafarta Malam, wadda ke ƙarƙashin bishiyar nan ita ma gawa ce,” in ji Kailani. “Kai ka yi mata salla.”

Suhaibu ya fashe da kuka, ya ce shi ba shi da abin da zai rufe ɗan'uwansa da shi, kuma gaskiya ya faɗa. Kailani ya ce a jira shi. Ya ɗauke gatarin ya haye acaɓa, bai zame ko'ina ba sai gida. Ya ɓalle ƙyauren ɗakin Ishatu, na katako mai kauri da aka yi tun aurensu, ya ɗoro shi a kai ya dawo. A gaban jama'a ya faskara shi, ya jera wa Lawal. Da aka watse, ya kwaɓa sauran lakar ya yaɓe raunin darbejiyar.

Kada a zaci an gode masa. Wasu sun daina sayen rakensa, wai ya shanya gawar Musulmi a rana saboda itace. Malama Zinatu ce ta ji abin ya tsaya mata a rai. Ta bi gida-gida da ɗalibanta suna tara tsofaffin randuna da tukwanen da suka tsage, suka jibge su a bayan masallaci domin duk wanda ya rasa. Matan da ba sa raka gawa maƙabarta su suka yi abin da masu rakiyar suka kasa. Darbejiyar ta yi toho a gefen saran, tana nan tsaye, kodayake tukwanen ba za su kai ƙarshen damina ba.

Ɗakin Ishatu kuwa tsohon buhu ne a ƙofarsa, feshin ruwa na shiga har kan gadonta. Da labari ya kai kunnen kwamiti, kunya ta kama su. Alhaji Yero ya zo da kansa bayan sallar Juma'a, keke na biye da shi ɗauke da sabon ƙyaure, ya yi jawabi a kan haƙuri da zumunci.

Kailani ya ƙwanƙwasa katakon da yatsa, ya ji kaurinsa. Ransa a ɓace yake, bai kuma ɓoye ba.

“Katako ne mai kyau, Alhaji,” ya ce. “Ku mayar da shi masallaci ku ajiye. Wani talakan zai mutu.”