Motocin Halliru Mai Fanka

A Karaye in fankarka ta mutu, wurin Halliru za a tura ka, kuma wanda ya tura ka zai ƙara da cewa ka tafi da haƙurinka. Halliru ba ya yarda da maganar kowa a kan komai. In ka ce masa jiya-jiya fankar ta tsaya, sai ya sunsuna kwayil ɗin, wato naɗin wayar cikinta, ya ce wannan ƙunar ta fi sati. In ya sayi sabon batir, ba zai bar gaban mai shago ba sai ya ɗora masa mita. Abin haushin shi ne, sau da yawa shi ke da gaskiya, shi ya sa mutane ke zaginsa a hanya amma su dawo masa da kayansu.

Haifaffen ƙauyen Turawa ne, ɗan manoman gyaɗa da dawa. Yana ɗan shekara sha bakwai ya ajiye fartanya ya tafi Kano koyon naɗin kwayil, ya dawo ya kama shago, ya auri Hajo, suka tara iyali. Yanzu ya ba hamsin baya, furfura ta ci rabin gemunsa, kuma a masallacin unguwa sahun gaba yake tsayawa. Sunan nan na dattijon kirki shi ne abin da ya fi tattali a duniya.

Mutum ɗaya tak Halliru ya taɓa yarda da shi, wato Mu'az, Bafulatanin Jajaye ta ƙasar Rogo, mai noma da kiwo. Shekara ashirin da suka wuce Mu'az ya kawo masa rediyo a farfashe. Halliru ya gyara zama yana jiran ƙaryar da aka saba, sai mutumin ya ce, "Saniya ce ta taka ta, kuma ni na ajiye ta a hanyarta." Tun daga ranar, duk ranar kasuwa Mu'az ba ya tsayawa a gaban tebur inda masu kawo gyara ke tsayawa. Zagayawa yake ya zauna a bencin ciki, su ci gyaɗa, su yi musun duniya.

To, maganar jirgin da ta jawo masa fitina a wayar hannu ta samo asali. Halliru ya ga wasu tsofaffi a wata ƙasa suna tayar da ƙananan jirage da rimot, kowanne an kwaikwayi wani jirgin yaƙi na da, har fenti. Abin ya shige shi kamar ƙaya. Amma ina dattijo mai gemu zai ce wa mutanen gari yana ƙera abin wasa? Sai ya share ɗakin bayan shago, ya sa masa kwaɗo. Ko Hajo ce mata ya yi kayan mutane ne a ciki.

Mu'az kaɗai ya gani, kuma bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon fiffiken, wanda aka yanka daga farin abin nan mara nauyi da ake tokare sabon firji da shi a kwali, sannan ya ce, "Mai Fanka, shirwa ba ta da fiffike a miƙe haka. Ɗan ɗaga bakinsa sama." Jirgin farko ƙarami ne, mai farfela ɗaya. Mu'az ya ɗaure shi cikin buhu a bayan babur, suka kai shi wata gona a Jajaye bayan girbi. Irin wannan jirgin ba shi da taya, jefa shi ake yi da hannu, mai rimot ya karɓe shi a sama. Mu'az ne mai jifa, domin shi ya san iska. Yakan tsinki ciyawa ya sake ta, ya ga inda ta nufa, sannan ya ce yanzu.

Na biyun shi ne ya jawo magana. Babba ne, faɗinsa ya kai hannu biyu a buɗe, kuma farfela biyu gare shi, ɗaya a kowane fiffike. Abin da ke juya farfelar, ɗan injin lantarki ne da bai wuce ƙwan zabuwa ba, kuma masu sayar da shi mota suke ce masa. A nan halin Halliru ya sami wurin kiwo. Wani mai sayar da kayan a Kano ya aiko masa da mota mai saurin juyi, ya rantse ba ta da na biyu. Halliru ya ɗaure ta a katako, ya maƙala katakon a sikelin rataye, ya kunna. Ta yi ta kuka kamar sauro, amma allurar sikelin da ƙyar ta motsa. Ya gane jirgi mai nauyi mota mai juyi a hankali yake so, wadda za ta iya jan babbar farfela. Kuma dole biyun su zama ƙarfi ɗaya, in ba haka ba jirgin zai riƙa karkata gefe guda.

Farfela ma sai da ya yi rigima a kanta. Ta jirgin gaske kunne uku gare ta, kuma Halliru yana son nasa ya yi kama da na gaske. Sikeli kuwa ya nuna mai kunne biyu ta fi ja. Ya yi kwana uku yana zargin sikelin, ya aro na mai sayar da hatsi, amsa ta zo ɗaya. Sannan ɗaya farfelar dole ta juya dama, ɗayar hagu, mai kayan kuma sau biyu yana aiko masa da 'yan dama zalla. Batir ya fi su duka ba shi wahala. Babba yana daɗewa amma yana danne hancin jirgi, ƙarami ba nauyi amma ba ya minti huɗu. Wani batir da aka rubuta masa ƙarfin da ba shi da shi ya kumbura kamar gurasa a hannunsa, sai da ya binne shi cikin kaskon yashi don kada ya kama wuta.

Duk wannan ciniki a waya ake yinsa, shagon Halliru kuwa ba ya kama sabis. Sai ya fito ya tsaya a gindin darbejiyar da ke kusa da teburin mai shayi, kuma kamar yawancin sa'o'insa, ya ɗauka sai ya ɗaga murya za a ji shi a Kano.

"Mota biyu na ce maka, iri ɗaya, masu ƙarfi. Ka ba direba ya kawo, kada kowa ya buɗe."

Wata rana kuma: "Na jirgin yaƙin nan ne. Wancan da ka aiko saura kaɗan ya fashe a hannuna tun lokaci bai yi ba."

Masu shan shayi suka daina juya cokali. Zamani ne da ake ta jin labaran 'yan bindiga daga wasu garuruwa, da masu kai musu rahoto a ɓoye, waɗanda ake kira infoma. Mai gyaran fanka da ko keke bai canja ba a shekara goma, me zai yi da mota biyu? Ina yake ɓoye su? Me ke cikin ɗakin da ya sa wa kwaɗo? Kuma me ya haɗa shi da Bafulatanin da ke fita da buhu a ɗaure yana nufar daji?

Halliru, mai gane ƙaryar batir tun daga nesa, shi ne na ƙarshe da ya lura. Ya dai ga gaisuwa ta gajarta. Wanda da zai tambaye shi gida da iyali da gajiya, yanzu daga "ina kwana" sai ya wuce. A masallaci ya ga na kusa da shi ya ɗan ja kafaɗa. Hajo ta ce masa, "Malam, yau na shiga gidan suna, ina sallama mata suka yi shiru." Ya ce mata hassada ce.

Ranar wata kasuwa, bayan la'asar, aka aiko mai unguwa yana kiransa. Zauren cike yake da dattawa. Badaru, shugaban 'yan sintirin unguwa, mutum mai jan ido da son a san yana aiki, yana tsaye da 'yar takarda. Aka gaisa gaisuwa mai tsawo wadda ba ɗumi a cikinta. Sannan Badaru ya karanto kalmomin da aka ji Halliru yana faɗa a waya ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Malam Halliru, ina motocin?"

Halliru ya ga ba mafita sai abin da ya yi shekara biyu yana gudu. Ya sa hannu a aljihu, ya fito da su, domin ranar suka iso, ya ajiye a kan tabarma gaban mai unguwa.

"Ga su nan, ranka ya daɗe."

Sai da ya yi bayani sau biyu kafin wani tsoho ya fara ƙyaƙyatawa, dariya ta zagaye zauren. Ta yi masa ciwo ƙwarai, amma ya ji sanyi a ƙarƙashinta, domin wanda ake yi wa dariya ba a kai shi gaba. Badaru kaɗai bai yi ba.

"To, mun ji na mota. Shi kuma Bafulatanin da ke shiga ɗakin fa? Mene ne tsakaninku?"

Dariyar ta ɗauke. Halliru ya dubi fuskokin, ya ga zargin bai tafi ba, wuri kawai ya canja. Ya ga sunansa ya fara dawowa hannunsa, ya ji tsoron kada ya sake kuɓucewa. Tsoro ne tsagwaronsa, ba wani abu ba.

"Mu'az? Mai kawo gyara ne kawai. Iyakar sanina da shi ke nan."

Badaru ya ɗaga labulen ƙofar ciki. Mu'az yana zaune a wurin a kan buzu, sandarsa a gefe. Tun azahar aka tare shi a bakin kasuwa, aka ajiye shi don a ji ko maganarsu za ta zo ɗaya.

"Ikon Allah," in ji Badaru. "Shi kuwa ya ce kai amininsa ne na shekara ashirin, har ya ce in an same ka da laifi a haɗa da shi."

Mu'az bai ɗago kai ba.

Mai unguwa ya yanke magana. Ya ce tunda bakinsu ya saɓa, a ga abin da ido: in abin wasa ne, ya tashi a gaban kowa, a duba cikinsa a tabbatar ba kyamara. Aka ba Halliru kwana biyu ya ɗaura motocin. Ya zaɓi farfela mai kunne biyu, ya haƙura da kama da na gaske. Ya zaɓi ƙaramin batir, domin minti uku a sama sun ishe shi wanke kansa.

Da hantsi rabin unguwa ta taru a wata gonar da aka cire gyaɗa a bayan gari. Badaru ya leƙa cikin jirgin, ya ƙwanƙwasa, ya sunsuna. Da aka zo tashi, ya ce shi zai jefa. Halliru ya ga yadda ya riƙe shi kamar zai jefi kare, ya san in ya bari, aikin shekara zai tarwatse a kan kunyar gona ta farko. Ya juya yana neman wanda ya san zai iya, kunya ta hana shi kiran sunan.

Mu'az ya fito da kansa daga bayan taron. Bai dubi Halliru ba. Ya karɓi jirgin, ya tsinki ciyawa ya saki, ya juya ya fuskanci gabas, ya jira. Motocin biyu suka ɗauki kuka murya ɗaya.

"Yanzu," in ji shi, ya sake shi.

Jirgin ya ɗan nutsa, sannan ya ɗaga hanci ya hau, a miƙe, bai karkata ko'ina ba. Ya zagaya kan kukar da ke bakin gona sau uku. Dattawa suka riƙe huluna suna kallon sama, har Badaru ya saki baki. Halliru ya sauke shi a kan ciki cikin tattausar ƙasa, mutane suka rufe shi da sannu da aiki. Mai unguwa ya kama hannunsa ya ce a yafi juna. Da ya samu ya ɗago kai daga cikin taron, babur ɗin Mu'az ya riga ya hau hanyar Rogo.

Sunan Halliru ya dawo, har da ƙari. Gaisuwa ta koma tsawonta. Masu shayi suka laƙaba masa Mai Mota Biyu, yana ji yana murmushin dole. Kasuwa uku Mu'az bai zo ba. Halliru ya kira wayarsa, aka ɗauka, aka gaisa lafiya lau, aka ce shanu ne suka riƙe shi.

A kasuwa ta huɗu ya zo, da fitilar sola a hannu. Halliru ya miƙe da sauri har ya ture gwangwanin kusoshi, ya janye tarkacen da ke kan bencin ciki, ya kaɗe shi da hularsa.

"Shigo mana, Mu'az. Shigo ka zauna."

Mu'az ya yi sallama cikakkiya. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki da gajiya, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya ajiye fitilar a kan tebur, ya ja baya taki ɗaya, ya tsaya a inda kowa ke tsayawa.

"A'a, Malam Halliru, nan ma ya isa. Gyara na kawo."