Zauren Baba

A gidanmu na Tsarnawa hanyar shiga ɗaya ce, ta zaure, kuma nan Baba yake wuni tun da gwiwa ta hana shi zuwa gona. Duk wanda ya zo ganin gida a cikinmu, mu ƴaƴansa, zai durƙusa ya gaishe shi, Baba ya ce an gode Allah, shi ke nan. Sai mu zarce wurin Inna, inda ake damun fura da gulma da dariya har da buga cinya. Haka muka tashi. Ni kuwa ɗan fari ne, Baba bai taɓa kiran sunana ba, balle hira.

Inna dai tsufa ya karɓe ta. Jikoki a cinya, ƴaƴa a tabarma. Ita ce ma bakinmu: in ina son gaya wa Baba magana, ita nake gaya wa, amsarsa kuma ta bakinta nake ji.

Lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Illela, ƙanwata ta kwanta ciwo a Badagishiri, Inna ta tafi jinya ta daɗe. Dukkanmu can muka karkata. Rannan na tuna da Baba, na hau mota na je.

Na tarar da shi a zaure, ya rame, kwanon tuwon da matar ƙanena ta aiko yana rufe a gefe. Cikin gida tsit, kaji kawai. Na gaishe shi, ya amsa. Maimakon in wuce, sai na zauna.

Ya dube ni da mamaki, ya ce, "Ai ba ta nan. Ba a hwaɗa maka ba? Ta tahi Badagishiri."

Na ce, "Na sani, Baba. Wurinka na taho."

"Lahiya dai? Wani abu ya samu ɗiyar?"

Ashe a wurinsa, in na zauna gabansa sai dai in mugun labari na kawo. Na rantse masa tana samun sauƙi. Tsoro ya kama ni sosai: in Inna ta riga shi tafiya, wa zai ƙara taka gidan nan?

Na lalubi abin faɗa, na rasa. Shi ma haka. Can ya kawar da kai ya ce, a hankali, "Tashi ka tahi, kar mota ta wuce ka. In ta komo ni aika maka."