Baba Azariya, Mai Tambayar Wanda Ya Zana

Ƙarfe bakwai na safe Baba Azariya Kumai yake buɗe shagonsa a bayan kasuwar Kafanchan. Sai ya share ƙofa, ya fito da benci, ya dama fenti a tsofaffin gwangwanayen madara. Daga nan ya ɗauko firam, wato katakon nan mai raga da ake ɗora zane a kai, ya ɗaga shi sama ya duba ko ragar ta toshe. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana buga rubutu da zane a jikin riguna. Rigunan Zumuntar Mata ta coci, na wasannin makarantu, na jana'iza masu hoton mamaci, na Maulidin Islamiyyar unguwarmu, da yawansu ta hannunsa suka bi. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin warin fenti ya fara taɓa masa ƙirji.

Ni Larai, rigunan tishat nake sayarwa a kasuwar nan, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na yabon mutum a banza. Wannan dattijo ma da faɗa muka fara.

Halinsa ɗaya ne da ke ba mutane haushi. Ko me ka kawo masa, kafin ya yi maganar yawan riguna sai ya tambaye ka, "Wa ya zana?" In ka ce daga waya ka ciro, sai ya cire tabarau ya ce ka zauna ku yi magana. Malam Zubair mai kayan wasanni shaida ne. Sau uku yana kawo tambarin wata ƙungiyar ƙwallo ta Turai, sau uku Baba yana mayar da shi, yana ce masa tambarin nan da masu shi, kuma ranar da aka zo kwashe kayan jabu ba mai tsaya masa. Zubair ya yi fushi ya kai wani wuri. Har yanzu dai suna gaisawa.

Nawa ya faru ne shekara huɗu da suka wuce, ana gab da Kirsimeti. Na ga wata riga a jikin wata mata: zanen tsohuwa ɗauke da kwandon citta, tana murmushi da wushiryarta. Kai, zanen ya yi kyau! Na ɗauki hotonsa da waya, na garzaya wurin Baba na ce ina son guda ɗari biyu kafin sati.

Bai ma yi mini tambayar tasa ba. Ya dubi wayar ya ce, "Hajiya, wannan aikin Yemima ne, malamar firamare a Nok. Ni na buga mata guda arba'in. Firam ɗin ma ga shi can a rataye."

Na ce, "To ai ka huta ke nan, Baba. Sauko da shi mu fara."

Ya ce, "Ba nawa ba ne. Ajiya aka ba ni."

Raina ya ɓaci. Na ce masa zane ne fa, ba gona ba. Na ce gobe da safe in na hau motar Jos, kafin azahar an buga mini, ba mai tambayata komai. Na faɗa da ƙarfi, har masu ɗinkin da ke maƙwabtaka suka leƙo.

Shi kuwa ko gezau. Ya ce, "Za su buga miki, ban musa ba. Amma ki sani doka tana bayan wanda ya zana, tana iya kai ki kotu. Sannan wanda ya buga miki na wani yau, shi zai buga wa wani naki gobe. Kafin ki tafi, ki ji muryarta tukuna."

Ya kira ta, ya buɗe muryar wayar. Na gaishe ta a daƙile, na faɗi abin da nake so, har na ce zan ba ta wani abu. Sai ta ce, da irin Hausar mutanen Jaba, "Mama, ki yi haƙuri. Wannan mama na ne. Ya rasu bara, ba mu da hoto nashi ko ɗaya. Na zana shi daga kai na, don 'yan'uwa da mutanen coci namu."

Wallahi kunya ta kama ni har ƙafa. Na yi niyyar rataye uwar mutane a rumfa, ana taya ta ana ragi. Na ce ta yafe mini, ta ce Ubangiji ya yafe mana duka.

Baba bai bar maganar a nan ba. Ya ce da ita, "Malama, ga mai kasuwa, ga ki mai hannu. Me zai hana ki zana mata wani?" Cikin kwana biyar ta aiko da zanen tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Ya rubuta mana yarjejeniya a takarda, ni da ita muka sa hannu, ya kuma dage sai an buga sunanta ƙanana a ƙasan zanen. Ya buga guda ɗaya tukuna, ya ce in kai gida in wanke sau uku da sabulu, in fentin ya tashi kada in sake zuwa wurinsa. Bai tashi ba. Zanenta na bakwai nake sayarwa yanzu.

Baba Azariya, kai ne ka ƙi aikin riga ɗari biyu a watan da kowa ke neman na shinkafar biki, saboda yarinyar da ba ta nan, wadda ko da ka buga ba za ta taɓa sani ba. Mai riƙon ajiya, ban ga irinka ba a sana'ar nan.

Makon jiya Francis, wanda ya sayi shagon, ya nemi a bar masa firam-firam ɗin da ke bango, fiye da ɗari. Baba ya ce katakon na Francis ne, amma zanen ba ya cikin ciniki. Ya bi masu su ɗaya bayan ɗaya a waya. Wanda ya ce a wanke, ya wanke a gaban Francis. Wanda ya ce yana so, ya ba shi abinsa. Na Yemima kuwa da kansa ya ce zai kai, ni ma na bi shi. Muka shiga ƙaramar bas har Nok, dattijo yana tari, firam a kan cinyarsa naɗe da zani.

Da Yemima ta kwance zanin ta ɗaga firam ɗin wajen hasken rana, fuskar ta fito a jikin ragar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta durƙusa ta ce, "Baba, na gode." Ni dai na juya baya ina share ido da gefen mayafi.

'Yan'uwana masu sayar da riga, in za ku zaɓi mai bugawa, ku nemi wanda zai iya ce muku a'a. Ku kuma matasa masu sabbin injuna, sauri kun fi shi, amma ku je ku koyi wannan kafin ya koma gida.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka ci moriyar hutunka. Da ka ce mini to ranar nan, da na sayar da fuskar matar nan har ɗari biyu ban san ko wace ce ba. A Nok na tambaya. Sunanta Martha.