Ila Mai Fenti da Mangwaron Unguwar Shanu

Faɗana da Ila mai fenti a kan rufin ɗakina ya fara. Ina tankaɗe na ji kwano yana ƙara, na ɗaga kai sai ga ƙato a tsaye, fensir a kunne, yana juyi kamar fanka.

Na ce, "Kai ɗan nan, aljanu ne suka ɗora ka?"

Ya ce, "Iya, Kaduna nake kallo."

"A ƙasa ba a ganin ta?"

"A ƙasa lungu ɗaya ake gani. Ni duka nake so."

Da muciya na sauko da shi.

Bakatsine ne, yaron mota ya fara yi a garin nan kafin ya koma rubuta allunan shaguna. Ciwonsa ɗaya: ka ce ya zana maka kaza, sai ya haɗo da garin da aka ƙyanƙyashe ta. Abdullahi mai hoto ne ya ba shi dogon bangon shagonsa, ya zuba Kaduna kaf, mutane su riƙa tsayawa gabanta ana ɗaukar su.

To, wanda ya hau rufi ai ya ga matan mutane a tsakar gida ba mayafi. Magidanta suka tashi. Mai unguwa ya ce in matar wani ta fito a bangon nan, Ila ya kwashi gwangwanayensa ya bar unguwa. Ni aka tura dubawa, don an san bakina.

Ya yaye buhunan da ya rufe bangon da su, jiri ya ɗebe ni. Ga Rafin Guza, ga Unguwar Dosa, ga hasumiyoyin masallatai, kogi ya kwanta can gefe, keke napep kamar tururuwa. Sai da na taka bangon tun daga farko har ƙarshe, ina dariya kamar sabuwar kamu. Kowace tsakar gida ya dasa mata mangwaro ya rufe ta ruf. Unguwar da akuya ke rasa inuwa ta koma kurmi.

Gida ɗaya ya bari a buɗe. Ga wata tsohuwa kamar ƙwayar gero, ta ɗaga muciya sama. Ila sai zufa yake.

Na gaya wa mai unguwa ban ga matar kowa ba. Malam maigidana ya daɗe da rasuwa, ban yi ƙarya ba.

Ila ya zauna abinsa har wani bangon ya kira shi Zariya. Da ya zo sallama na ce, "Kowa ka ba shi mangwaro, ni ka bar ni a rana. In ka dawo ka dasa min nawa, mai 'ya'ya. Muciyar kuwa kada ka taɓa ta."