Gaiwar da Muka Shafe da Baƙar Laka

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da Baffa, ƙanen mahaifina, wanda tafkin gidanmu ke hannunsa. Shi ya riƙe sanda da buta, ni na ɗora kwando a kai. Daga ƙauyenmu da ke bayan Tabanni muka nufi bakin titi a ƙasa, don mota ba ta zuwa wajenmu sai in ɓatan hanya ta yi. A cikin kwandon ba komai sai curin laka, kowanne da gaiwa mai rai tana barci a ciki.

Ga wanda bai san gaiwa ba, kifi ce doguwa mai santsi kamar maciji. Idan tafki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka ta naɗe, ta bar 'yar kafar shan iska, ta zauna nan har ruwa ya dawo. In an haƙo ta da ƙasarta ba a fasa ba, ko ina ana iya kai ta, muddin curin bai sha ruwa ba.

Tafkinmu ba ya haɗuwa da kogi ko an yi ambaliya, saboda haka gaiwar cikinsa ita da ita take haihuwa. Kowane mai kiwo ya san idan rago ɗaya ya daɗe yana hawan 'ya'yansa da jikokinsa, garke lalacewa yake yi. Don haka kakanninmu suka ƙulla amana da wani gidan Gwarawa masu tafki can wajen Gayam: kafin saukar damina mu kai musu namu curin, su ba mu nasu, kowa ya binne a tafkinsa. Ana ce da abin kai baƙo. Tun da kakanmu ya rasu aka shiga yau da gobe, har aka bari. Yanzu gaiwarmu ta koma 'yan mitsi-mitsi, wasu da karkataccen baya, da yawa kuma a mace muke haƙo su. Baffa ya ce in ba a kawo baƙon jini bana ba, jikokinsa sai dai su ji sunan gaiwa a tatsuniya.

Hantsi ya dubi ludayi kafin wata motar katako ta tsaya mana. An lafta mata buhunan dawa, da awaki, da mu 'yan Adam a sama kamar ƙari. Direba ya faɗi kuɗin mota da sabon lissafin kwabo, wata tsohuwa ta rantse ita sule ta sani, kuma da sule za a binne ta. Sai da aka yi mata tafinta tsakanin kuɗi da kuɗi kana muka tashi.

Dajin nan kuwa, Allah ya yi abinsa. Doka da kaɗanya da maje sun rufe hanya hagu da dama, duk sun yi sabon toho suna jiran ruwa. Gwaggon biri ya fito da iyalinsa ya zauna a tsakiyar titi, bai matsa ba sai da ya ga dama. Ƙudan tsando ya yi mana maraba ta cikin riga. Motar ta tafasa a wani hawa, aka bi fasinjoji ana karɓar ruwan butoci ana ba ta.

A wannan tsayawar ne wani ɗan tireda ya ɗaga tsumman da na rufe kwandona. Ya tambayi mene ne, na gaya masa. Sai ya kece da dariya.

"Wannan gaiwa ce ko ƙwan zabo? Malam, da wannan za ka je gaban mutane?"

Mota duka ta ɗauka. Na yi yaƙe, amma maganar ta zauna mini a rai. Gaskiya ne, curinmu mafi girma bai wuce dunƙulen hannu ba. Baffa ya ci gaba da jan carbinsa.

Da azahar muka shiga Birnin Gwari, muka tarar kasuwa ta cika. Ga Fulani da fura da nono, ga masu rake, ga waina tana ƙamshi. Goro ya yi tsada, masu sayarwa suka ɗora laifin a kan sabon kuɗi, kamar yadda yanzu kowa ke yi ko da kazarsa ce ta ƙi ƙwai. Ina zagayawa sai na ci karo da wata mata a gindin tsamiya, ta jera curin gaiwa tana sayarwa. Kowanne ya kai kan jariri. Ƙasarsu ja ce, tana ɗan ƙyalli a rana. Ban tambaye ta daga ina take ba, don idona ya riga ya rufe.

Na koma wajen Baffa na ce mu saya mu kai waɗannan a madadin namu.

"Abin da Allah ya ba mu shi za mu kai," in ji shi.

"Baffa, shekara da shekaru ba mu je ba. Yau kuma mu je da ƙwan zabo? Su ce jikokin wane sun lalace har tafkinsu ya lalace?"

Ya dube ni, ya dubi kwandon, ya kau da kai. Na ɗauki shirunsa amsa, don amsar da nake so ke nan.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi nauyin faɗa. Kowa ya san lakar tafkinmu baƙa ce wuluk. Na je na saye curin matar nan, na ja kwandona bayan wata rijiya, na farfasa curinmu, na kwaɓa ƙasar, na bi manyan nan ina shafe su da ita a hankali, ina barin kafar numfashi, na shanya su a rana. Na yi aikin da kyau, har ina yabon kaina. 'Yan gaiwoyinmu kuwa na miƙa wa mai tuwo a tasha, ta yi mana miya da su. Ba zan ɓoye ba, miyar ta yi daɗi, na kuma suɗe kwano. Baffa ya ce cikinsa ba daɗi, goro ya ishe shi.

Muka kwana a zauren wani ɗan garinmu. Washegari wata motar itace ta sauke mu a bakin hanyar Gayam, muka yanki daji a ƙasa. Mun gamu da mata suna dawowa daga rafi, kowace da tulu a kafaɗa maimakon a kai, kamar yadda suke yi. Su suka nuna mana gidan.

Sarkin ruwansu tsoho ne tukuf, ya yi zamani da kakanmu. Da Baffa ya faɗi sunan gidanmu sai tsohon ya miƙe da ƙyar, ya riƙe hannunsa biyu, ya ƙi saki.

"Ɗan aminina! Ashe zan gan ku kafin in mutu. Kowace bazara ina duban hanyan nan."

Aka kawo kunu mai zafi, aka kama kaza aka ba Baffa ya yanka da hannunsa. Su Kirista ne, ga 'yar majami'arsu ta ciyawa a gefe, amma kafin mu tambaya an shimfiɗa mana tabarma an ajiye ruwan alwala. Kowace karramawa sai in ji ta sauka mini kamar mari.

Da la'asar tsohon ya ja mu zuwa tafkinsu, gari duka na biye. Tun daga nesa na hango ƙasar, ja, tana ƙyalli, gabana ya faɗi. Na ce a raina ai jar ƙasa ba a nan kaɗai take ba. Tsohon ya nuna mana tarin curin da suka haƙo suka tarar da mushe a ciki. Ya ce nasu suna girma, amma ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa kamar da, ciwo kaɗan ya kwashe su. Ya ce sun so zuwa wajenmu, kunya ta hana, don kakanmu ne ya kawo na ƙarshe, suna ganin kada a ce roƙo suka zo.

Akwai wani abu a al'adar da ban sani ba, Baffa kuma yana yaro rabonsa da gani, ya manta. Kafin a binne baƙi, sai an tashi ɗaya a gaban jama'a a gaishe shi. Aka kawo kasko, tsohon ya zaɓi curi mafi girma a kwandona ya sa a ciki, ya ɗauki ƙwarya yana zuba ruwa sannu-sannu. Baƙar lakar ta fara zuba. Ja ya leƙo. Ya ƙara ruwa, ja ya fito sarai, iri ɗaya da ƙasar da muke tsaye a kai.

Da ƙasa ta tsage da na shige.

Tsohon ya daɗe yana juya curin a hannu. Bai ɗaga murya ba.

"Wannan gaiwa namu ne. Surukata ta kai su kasuwa jiya." Ya dubi Baffa. "Ɗan aminina, ina naku?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Ban iya barinsa da kayan da ba shi ya ɗaura ba.

"Baba, ni ne. Namu ƙanana ne, na ji kunya. Na saya na shafe."

"To ƙananan suna ina?"

"Mun cinye."

Wani a baya ya fara dariya ya haɗiye. Tsohon ya ajiye ƙwaryar.

"Ɗana, girma muna da shi, ga shi nan yana mutuwa. Jinin da ba namu ba muke nema. Ko da ya kai yatsa ne, da ya ishe mu."

Na zaci za a sallame mu hannu wofi, kuma da hakan ya fi mini sauƙi. Amma da safe sai ga kwandona cike da sababbin curi, an zaɓo masu kyau, an jera su cikin ciyawa. Har waɗanda na shafe aka wanke musu fuska aka ƙara mana. Baffa ya ƙi karɓa, tsohon ya ce amanar da mahaifin Baffa aka ƙulla, ba da kwandon jiya ba. Baffa ya yi alkawarin muna isa gida za mu haƙo wasu mu juyo cikin mako.

A dawowa ban ga biri ba, ban ga doka ba, ban san nawa muka biya ba. Ido na kan gabas, inda hadari ke haɗuwa. Muna sauka daga mota iska ta taso, muna tsakiyar hanyar ƙauye ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya. Muka tuɓe riguna muka lulluɓe kwandon, muka yi ta gudu, dattijo da sanda, ni da kaya. Da muka iso tafkinmu ya riga ya kwanta da ruwa. Gaiwar cikinsa ta farka ta bazu, babu sauran haƙa sai wata bazarar. Muka tsaya a baki muka zuba baƙin ɗaya bayan ɗaya, suna narkewa suna shigewa.

Ga abin da tafiyar nan ta koya mini, in akwai mai so. Kifi ba ya ƙarfi sai da jinin da ya bambanta da nasa, kuma abin da kake rainawa a hannunka yana iya zama shi kaɗai ɗan'uwanka ya rasa. Na tafi ina tsoron a gan mu da kaɗan, na dawo tafkinmu ya sami magani, na mutanen da suka yi mana alheri ya rasa, ga tsoho da ba wanda ya san ko zai ga wata bazarar.

Da yamma mutanen gida suka taru a ƙofar Baffa, mata na guɗa, ana sa mana albarka. Liman ya ce mun raya abin da iyaye suka bari, sannan ya tambaya:

"To su me suka ce da suka ga namu?"

Baffa ya juyo ya dube ni, kowa ya juyo.

"Ba su gani ba tukuna, Malam," na ce. "Suna jira."