Madam Denise, mai ƙirga zoben bakin tsutsa

Shekara talatin da biyu ke nan, ƙarfe bakwai na safe, Madam Denise tana jingina kekenta a gindin dalbejiyar da ke bayan tashar binciken noma ta Garwa. Takan buɗe ɗan ɗakin da suke kira labo, ta zubar da ruwan farantan jiya, ta goge gilashin mikroskop, madubin nan mai mai da ƙwayar ƙura ta zama kamar dutse. Sannan ta ɗauko makaminta: tsinken tsintsiya da ta manna wa gashin idonta guda ɗaya a kai. Da shi take tsamo tsutsar saiwa daga ɗigon ruwa, tsutsar da ido ba ya gani amma tana iya tashin gona. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, idanunta sun fara hazo, kuma har yau ba a sami wanda zai hau kujerar ba. Abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne, ban san boko mai zurfi ba. Abin da na gani da idona shi zan faɗa.

A 1993, shekarar da aka datse albashin ma'aikata, gonar mahaifina Malam Shu'aibu da ke bayan Pitowa ta shiga wani hali. Damina uku a jere masara na fitowa lafiya, sai tsakiyar gona ta yi rawaya, ta tsugune, ta bushe. Mun zuba taki, a banza. Masu baki suka ce an yi binne a wurin. Ƙanen Baba, Kawu Adamu, ya ce a sayar kawai a ƙara jari a shago, ƙasa ta mutu. Gonar kuwa kakanmu ne ya sare ta da hannunsa lokacin da ya sauka daga fatauci. Baba ya daina cin tuwo sosai.

Wani malamin gona ne ya ce mu kai wa "matar tsutsa". Baba ya shiga tsakiyar gona, ya zaɓi karan da ya fi kowane bushewa, ya tumɓuke, ya kakkaɓe, har da wankewa don kada a ce mun kai wa ma'aikaciya datti. Muka ɗaure a saman taksi cikin rana har Garwa.

Madam ta juya karan, ta dube mu ta saman tabarau, ta gaida Baba da Fillanci.

"Baaba, jam na? Wannan kuma mene ne?"

"Marar lafiyar ne, Madam. Shi ya fi jin jiki."

"Kai, Baaba! Gawa ka kawo mini, har ka yi mata wanka. Tsutsa ba ta zama wurin gawa, ta ƙara gaba inda abinci yake. Ka je gefen wurin, inda kara ya fara rawaya amma da sauran ransa. Nan ake tona."

Kunya ta kama Baba. Ganin haka ta ce mu bari, za ta zo da kanta. Motar tashar na kan duwatsu babu taya, Turawan da suka koya mata aikin sun tattara sun tafi. Ranar Asabar sai ga ta a Pitowa a taksin kasuwa, tsakanin buhunan albasa, da 'yar fartanya a jaka. Ta durƙusa a gefen wurin da ya lalace, ta tono kara da ƙasarsa da ƙananan saiwoyinsa, ta naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ta rungume kamar jariri, ba ta yarda rana ta taɓa shi ba.

Bayan kwana uku na koma. Babu wuta a labo. Ta jawo tebur bakin taga, ta karkata ɗan madubi yana tura hasken rana cikin mikroskop. Matatar da ta yi aiki da ita rariyar kicin ce da ƙyallen ɗankwali. Ta ce in leƙa. Wallahi sai da na ja da baya: wani siririn abu kamar zare yana mutsu-mutsu, da 'yar allura a baki.

"Bilya, ganin ta ba shi ne aikin ba," in ji ta. "Iri biyu ne masu kama da juna kamar Hassan da Husaini. Ɗaya tana cin masara, ta ci gyaɗa, ta ci auduga. Ɗayar kuwa dangin hatsi ta fi so. Sai na ƙirga zoben da ke bakinta. In biyu ne, kun shiga uku. In uku ne, da sauƙi."

Ta yi dariyar maganar tata, ta koma kan madubin. Ba ta yarda da guda ɗaya ba, sai da ta tsamo ashirin da gashin idon nan, ta kwantar da kowace, ta ƙirga, hawaye na zubo mata saboda hasken. Ni dai ina tsaye ina jira. Can ta ɗago.

"Uku. Ka gaya wa Baaba kada ya sayar. Ya huta da masara da dawa damina biyu, ya sa auduga, ya bi da gyaɗa. Tsutsar za ta rasa abin ci, yunwa za ta yi masa aikin."

Haka aka yi. Damina ta uku masara ta tsaya har tana ɓoye mutum. Baba ya kai mata kwando guda, ta ɗauki goyo biyu ta ce na gasawa ne, saura a mayar wa yara. Kawu Adamu bai sake ta da zancen sayarwa ba. Baba ya rasu yana cin tuwon gonarsa, yau 'ya'yana ke nomanta.

Ba mu kaɗai ba ne. Masu shinkafa a Maga sun san ta, masu masakwa, dawar rani, a gindin dutsen Mindif sun san ta, ko da yake rabinsu ba su riƙe sunanta ba. Madam Denise, ke ce kika zauna lokacin da abokan aikinki suka watse, wasu kasuwa, wasu ƙasar waje, ba kuma don ba ki da inda za ki ba. Ke ce kika cika akwatuna goma sha ɗaya da gilasai, kowane da tsutsarsa da sunan ƙauyen da ta fito, da rubutun hannunki. 'Yar gajera mai dogon gani! Ina kewar zamanin da mutum zai hau taksin albasa saboda gonar wanda bai sani ba, kuma ina kewar Baba duk ranar da na wuce dalbejiyar nan.

Makon jiya na je gaishe ta. Na same ta tana lalubar tsinken a kan tebur, alhali yana gabanta. Na tura mata shi, muka yi kamar ba abin da ya faru.

"Madam, wa za ki bar wa akwatunan?"

"Gara, mai yiwuwa," ta ce, tana murmushi. "Zoben nan yanzu sai na ƙirga sau uku, Bilya. Amma in an kawo mini mai ido, hannuna da kaina suna nan. Shekara biyu ta ishe ni in koya masa."

Useko, Madam Denise. Mun gode, Allah ya saka miki, ya bar miki sauran hasken idonki.

Ku kuma masu digirin noma da ke yawo da takardu a Garwa da Marwa, da ku manya masu sa hannu a ɗauki ma'aikaci, ga kujera nan, ga mai koyarwa tana jira. Mu mutanen nan mun iya yabon mutum ranar da aka ɗauki makararsa, mu yi masa wanka, mu kai shi inda ba zai amfani kowa ba. Kuskuren da Baba ya yi ke nan da karan masara, kuma ita ce ta gyara masa. Madam Denise ta fara rawaya, amma da sauran ranta. Nan ake tona.